Yadda Noman Tabar Wiwi Ya Bar Rana Ya Koma Ƙarƙashin Fitila

Noman tabar wiwi a cikin ɗaki, a tukwane, ƙarƙashin fitilun lantarki, sana'a ce da ba ta wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, alhali ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana noma tsiron a fili. Asalinsa yankin tsakiyar Asiya ne. Sinawa sun noma shi don igiya da tufafi, a Indiya da Afganistan da Maroko da Lebanon kuma an noma shi don maye, daga baya ya bazu zuwa Meziko da Kolombiya da Jamaika. A duk waɗannan wurare rana ce ke raya shi, ƙasa kuma ta riƙe saiwarsa. Shigarsa ɗaki ta faru ne a Amurka da Holan tsakanin shekarun 1970 da 1990, kuma ba rashin rana ne ya jawo ta ba, tunda jihar Kalifoniya, inda abin ya fi ƙamari, ba ta taɓa rasa rana ba. Doka ce ta kora shi ciki, ita ce kuma ta riƙa yanke girman tukunyar da za a dasa shi da irin fitilar da za a rataya masa.

Ilimin da sana'ar ta dogara a kansa ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma ba don ita aka neme shi ba. A shekarar 1880 injiniya William Siemens ya gabatar wa masana a Landan sakamakon gwajin da ya yi na raya tsirrai da hasken lantarki. Ya lura cewa fitilar zamanin, idan aka bar ta tsirara, tana ƙona ganye, amma idan aka sa gilashi tsakaninta da shuka sai illar ta kau. Bayan kamar shekara goma Liberty Hyde Bailey ya yi irin wannan gwaji da latas a jami'ar Cornell ta Amurka. An tabbatar shuka za ta iya rayuwa da hasken da mutum ya ƙirƙira, sai dai tsadar wuta ta hana abin zama sana'a.

Babban abin da aka gano shi ne dangantakar fure da tsawon yini. Wani matashin masani Bafaranshe, Julien Tournois, ya nuna a 1912 cewa tsiron wiwi da wani danginsa suna saurin yin fure idan aka gajarta musu yini. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci shi kafin ya kai aikin ƙarshe. A 1920 Garner da Allard, ma'aikatan hukumar gona ta Amurka, suka warware zancen da wata taba mai suna Maryland Mammoth, wadda ke ta girma duk bazara ba ta yin fure. Kullum da la'asar sai su ɗauki tukwanenta su shigar wani ɗaki mai duhu, da safe su fitar, har ta yi fure tun lokacinta bai yi ba. A 1938 Hamner da Bonner suka ƙara gano cewa tsawon dare ne tsiro ke aunawa, kuma ɗan haske kaɗan a tsakar dare ya isa ya rikita masa lissafi. Manomin dawa a ƙasar Hausa ya san wannan ɗabi'a tun kaka da kakanni: ko ya yi shuka da ruwan fari ko ya makara, farfara ba ta fitar da kai sai damina ta ja baya, yini ya fara gajarta. Wanda ya mallaki makunnin fitila a rufaffen ɗaki ya mallaki damina da kaka ke nan, yana iya kawo su sau da yawa a shekara guda.

Fitilun kuwa daga titi da filin wasa suka fito. A shekarun 1960 kamfanin General Electric ya fitar da manyan ƙwayaye iri biyu: mai farin haske da ake haska filayen ƙwallo da masana'antu da shi, da mai sinadarin sodiyam, wanda ke ba da hasken nan ruwan lemo da aka saba gani a manyan tituna. Masu gidajen gilashi na kayan lambu da furanni ne suka fara ɗaukar su zuwa noma, musamman a arewacin Turai inda yinin hunturu gajere ne.

A Amurka an hana wiwi tun daga dokar haraji ta 1937, dokar 1970 kuma ta sa shi a sahun farko na haramtattun ƙwayoyi. Duk da haka shansa ya yi ta yaɗuwa tsakanin matasa a shekarun 1960, kuma kusan duka daga Meziko ake shigo da shi. A watan Satumba na 1969 gwamnatin Nixon ta tsananta bincike a kan iyaka, ana tsayar da kowace mota, har na kusan mako uku. Daga tsakiyar shekarun 1970 Meziko ta shiga fesa wa gonaki maganin ciyawa na paraquat da tallafin Amurka, a 1978 kuma tsoro ya kama mashaya cewa abin da suke zuƙa na ɗauke da guba. Kasuwa ta buɗe wa mai noma na cikin gida. A tsaunukan arewacin Kalifoniya, a gundumomin Humboldt da Mendocino da Trinity, matasan da suka bar birni suka koma daji sun samu abin sayarwa. A wurinsu ne salon cire namijin tsiro ya yaɗu, domin wiwi namiji daban mace daban, kuma macen da ba a yi wa barbara ba takan ci gaba da tara ƙaro mai sa maye maimakon ta yi 'ya'ya.

Irin Meziko da na Kolombiya dogaye ne, suna iya ninka tsayin mutum, kuma ba sa nuna da wuri. Matafiyan da suka bi hanyar Kabul kafin sojojin Tarayyar Sobiyat su shiga Afganistan a 1979 sun dawo da wani iri daban, gajere, mai faɗin ganye, mai saurin nuna. Da aka haɗa jinsunan biyu sai aka samu tsiron da zai tsaya ƙasa da silin. Ba don wannan haɗi ba, da fitila ba ta yi amfani ba, domin ba ɗakin da zai ɗauki tsiron Kolombiya.

A 1983 jihar Kalifoniya ta ƙaddamar da gangamin da ake kira CAMP. Kowace kaka jirage masu saukar ungulu su riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a kan tsaunuka, jami'ai su sauko da adduna su sare shuka su ƙona. A 1984 dokar tarayya ta ba da damar ƙwace filin da aka yi noman a kai. Wanda ke da abin asara sai ya janye daga fili. Aka shiga gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gidajen haya, aka toshe tagogi, aka shafe bango da farin fenti ko aka manna takarda mai ƙyalli don kada haske ya ɓata. Masu farawa sun yi ta fama da dogayen ƙwayayen ofis marasa ƙarfi, kafin ƙwan sodiyam mai wat 1,000 ya zama ma'aunin sana'ar, har ana faɗin girman gona da yawan fitilunta maimakon faɗin ƙasarta. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta bi sawu. A watan Oktoba na 1989 ta kai samame shagunan sayar da fitilu da kayan noma a jihohi fiye da arba'in, ta kwashe takardun da ke ɗauke da sunayen masu saye, waɗanda yawancinsu tallar da ke cikin mujallar High Times ce ta kai su.

A nan ne zancen tukunya ya shigo, kuma shi ne wurin da hannun doka ya fi fitowa fili. A ilimin tsirrai maganar a sarari take: gwargwadon wurin da saiwa ta samu, gwargwadon girman tsiro. Wani nazari da Hendrik Poorter da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, bayan sun tattara gwaje-gwaje 65 kan tsirrai iri-iri, ya nuna cewa ninka girman tukunya na ƙara nauyin tsiro da kimanin kashi 43 cikin ɗari. Saura kuma lissafin wuri: ƙarƙashin fitila guda, ko a jera ƙananan tukwane da yawa masu ɗauke da gajerun tsirrai da za a girbe da wuri, ko a ajiye manya ƙalilan a jira su cika wurin. Da don riba ce kawai, hanyar farko ta fi sauri. Amma dokokin tarayyar Amurka na 1986 da 1988 sun ɗaura hukunci a kan adadi: tsiro 100 na jawo ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, 1,000 kuma shekara goma, kuma ɗan dashen da ya fitar da saiwa jiya daidai yake a ƙirga da wanda ya kai rufin ɗaki. Sai lambar 99 ta zama sananniya a Kalifoniya. Bayan jihar ta halatta wiwi don magani a 1996, ƙananan hukumomi ma suka riƙa ba da izini bisa ƙirgen tsiro. Wanda aka iyakance wa adadi ba shi da wurin faɗaɗawa sai tukunya. Buhunan yadi da masu renon itatuwa a Oklahoma suka ƙirƙiro a shekarun 1980 don dashen bishiyoyi sun samu sabuwar kasuwa, har aka riƙa ɗinka masu cin galan 100 da 200, kowane ɗauke da tsiro guda da ya kusa zama bishiya.

Holan ta bi ɗaya hanyar. Gyaran dokarta na 1976 ya raba wiwi da ƙwayoyi masu tsanani, hukuma kuma ta riƙa kau da kai daga shagunan da ake kira na kofi, inda a yau ake sayar wa baligi abin da bai wuce giram 5 ba. Sai dai an bar wani giɓi: sayarwa ta ƙofar gaba an lamunta, amma noma da kawo kaya ta ƙofar baya laifi ne. Ƙasar kuwa ita ce cibiyar noman gidan gilashi a duniya. A yankin Westland akwai masu harhaɗa fitilu da fankoki da takin ruwa, akwai kuma audugar dutse da wani kamfanin Denmak ya fara sarrafawa don noma a ƙarshen shekarun 1960, wadda ake dasa tumatir a cikinta ba tare da ƙasa ba. A tsakiyar shekarun 1980 wasu Amurkawa da samame ya koro suka iso Amsterdam da irin da suka haɗa, irin su Skunk da Northern Lights, kamfanonin iri kamar na Nevil Schoenmakers da Sensi Seeds na Ben Dronkers kuma suka shiga sayar da shi. Gwanintar lambu ta haɗu da irin Kalifoniya. A ɗakunan saman gidajen Holan, inda wuri ya yi ƙaranci kuma hukunci bai kai na Amurka ba, salon ƙananan tukwane barkatai ne ya yi kasuwa: ɗaruruwan rassa da aka yanko daga uwa guda, a jere kafaɗa da kafaɗa, samansu a daidaice ƙarƙashin fitilu. Kafin shekarun 1990 su ƙare, wiwin cikin gida ya sha gaban wanda ake shigowa da shi daga Maroko a shaguna da dama.

Fitilar da ta ɓoye tsiro daga idon jirgi ita ce kuma ta riƙa tona asiri. Kaso mai yawa na wutar da ƙwan sodiyam ke ci zafi yake komawa, zafi kuwa sai ya fita. A watan Janairu na 1992, da tsakar dare, wani jami'in tarayya ya tsaya a mota a garin Florence na jihar Oregon, ya auna gidan Danny Kyllo da na'urar ganin zafi. Rufin gareji da bango guda sun fi na maƙwabta zafi. Da wannan da takardun kuɗin wuta aka samu izinin bincike, aka tarar da tsirrai fiye da 100. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuni na 2001 ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, cewa auna gida da irin wannan na'ura bincike ne da ke buƙatar izinin kotu. Har yau hukuncin na cikin ginshiƙan dokar sirrin gida a Amurka. A Holan kuwa wani lokaci ba a buƙatar na'ura: a hunturun 2015 'yan sandan Haarlem sun gane wani gida ne saboda ƙanƙara ta lulluɓe rufin kowa a layin, nasa kaɗai ta narke.

Gudun kada mita ta tona asiri ya haifar da satar wuta, satar wuta kuma ta haifar da gobara. A Birtaniya, daga farkon shekarun 2000, ƙungiyoyin masu laifi suka riƙa kama hayar gidaje a unguwannin talakawa suna mai da kowane ɗaki gona. Mai ban ruwa a irin waɗannan gidaje sau da yawa yaro ne da aka yi fataucinsa daga Biyetnam, an kulle shi ciki, yana kwana a ɗan lungun da tukwane suka rage, cikin zafi da wayoyin wuta tsirara. Idan 'yan sanda suka fasa ƙofa shi suke tararwa, kuma shekaru da dama shi ake gurfanarwa. A watan Fabrairu na 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Birtaniya ta gaza kare wasu matasa biyu 'yan Biyetnam da aka kama a irin waɗannan gidaje a 2009 aka kuma hukunta su. Wannan ɓangare na tarihin ba ya fitowa a tallar fitilu, amma yana cikinsa dumu-dumu.

Tsiron da ya fito daga waɗannan ɗakuna ba shi ne wanda ya shiga ba. Inda kowane taku na wuri ke da tsada kuma ke da haɗari, mai noma yana zaɓen irin da ya fi ƙarfi, ya yanki reshensa ya maimaita. Gwajin da jami'ar Mississippi ke yi wa abin da aka kama a Amurka ya nuna sinadarin THC, mai sa maye, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014, yayin da CBD, wanda ba ya sa maye, ya yi ƙasa. Likitocin ƙwaƙwalwa ne suka ga sakamakon. Binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare goma sha ɗaya na Turai da Barazil, wanda ya fito a 2019, ya gano cewa masu shan mai ƙarfin kullum sun kusa ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau biyar wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, kuma abin ya fi muni a Amsterdam da Landan, inda wiwin ɗaki ya mamaye kasuwa. Dokar da aka yi don rage cutarwa ta taimaka wajen samar da abin da ya fi cutarwa, wannan kuwa abu ne da ya kamata duk mai tsara doka ya tsaya a kansa.

Halattawa ba ta mayar da tsiron rana ba. Jihohin Kolorado da Washinton sun halatta shi ga baligai a 2012, Yurugwai a 2013, Kanada a watan Oktoba na 2018. Amma an riga an saba da kamannin wiwin ɗaki, irin da ake da shi an tace shi don fitila, hukumomi kuma sun fi son gini mai ƙofa da kyamara. Ƙari a kan haka, dokar tarayyar Amurka ta hana tsallaka iyakar jiha da shi, don haka jiha mai sanyi dole ta noma nata. Masanin makamashi Evan Mills ya ƙiyasta a 2012 cewa noman cikin ɗaki na cin kashi 1 cikin ɗari na dukkan wutar lantarkin Amurka, kuɗin da ya kai dala biliyan 6 a shekara. Fitila ba ita kaɗai ke ci ba, har da na'urorin sanyaya ɗaki da na tsotse laima da ke faɗa da zafin da ita ta haifar. Masu bincike a jami'ar jihar Kolorado sun lissafa a 2021 cewa kowane kilo na busasshen wiwin ɗaki na jawo hayaƙi mai ɗumama yanayi tsakanin kilo 2,283 da 5,184, gwargwadon garin da aka noma shi. Ga tsiron da ke fitowa da kansa a bakin hanya a ƙasashe masu zafi, wannan ɓarna ce tsagwaronta.

Fitilar LED ta rage wani abu. Hukumar NASA ta tallafa wa gwajinta kan tsirrai tun ƙarshen shekarun 1980 don noman sararin samaniya, samuwar mai shuɗin haske a Japan a farkon shekarun 1990 kuma, aikin da ya kai Akasaki da Amano da Nakamura ga kyautar Nobel a 2014, ita ta buɗe hanyar farin haske mai arha. Jihar Massachusetts ta iyakance wutar fitila ga manyan gonaki a 2018, abin da ya tura su ga LED. Ƙirgen tsiro kuwa yana nan a sabbin dokoki: shida a gida a Yurugwai, huɗu a mafi yawan Kanada, uku ga baligi a Jamus tun Afrilu na 2024, kuma masu sayar da tukwane na auna kayansu da waɗannan lambobi. Holan, wadda ta haramta shagunan kayan noman wiwi a 2015, sai a Disamba na 2023 ta fara gwajin noma mai lasisi don shagunan Breda da Tilburg.

A Nijeriya noman wiwi laifi ne mai tsananin hukunci tun dokar soja ta 1966, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ce ke yaƙi da shi. Wanda ake nomawa a ɓoye yana cikin dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu ne, a fili, inda ake sare gandun daji dominsa. Abin da ke haɗa ƙasar da tarihin ɗakunan fitila shi ne fasa-ƙwauri: samfurin da ake kira Loud, wanda hukumar ke yawan kamawa a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas, akasari daga Kanada da Amurka, ɗan waɗancan ɗakuna ne. Yana shigowa ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta tana da masu shan wiwi miliyan 10.6, kuma likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kacal.